Kanwar da Na Ƙara wa Kunun Yaya

Tun da ɗana ya ɗauko ni daga ƙauye ya kawo ni Dogon Dutsi na saba da abubuwa da dama waɗanda na rantse ba zan saba da su ba. Na saba da ruwan da ke zuwa har tsakar gida ba guga ba igiya, na saba da murhun gas mai wuta ba hayaƙi, har kabu-kabu na hau sau biyu, ina riƙe da rigar mai babur ina salati. Abu guda ne ya ƙi zauna mini a kai, wani farin gari da surukata ke ajiyewa cikin gwangwanin madara a saman firigo, akwatin sanyin nan na abinci. Sunansa bikarbonat. Sai da na yi wata uku kafin harshena ya yarda ya faɗe shi, kuma har yau in na faɗa sai yaran gidan sun juya baya sun ƙunshe dariya. Dariyarsu ba ta dame ni ba. Abin da ya dame ni shi ne, ta dalilin garin nan wata magana da na binne tun ina budurwa ta taso, maganar yadda yayata ta rasu da ko ina da hannu a ciki, ga shi kuma cikin waɗanda suka gani ba sauran wanda zan tambaya.

Surukata mace ce mai tsafta, irin tsaftar da ke gajiyar da mai kallo, kuma ba ta da aboki kamar garin nan. In tukunyar shinkafa ta kama, sai ta barbaɗa shi a gindin, ta zuba ruwan zafi ta tafi sabgarta, kafin ta dawo ƙanzo ya saki da kansa, ba kankara ba gugar yashi. In firigo ya ɗauki ƙarnin kifi, ta zuba kaɗan a murfin kwalba ta tura shi lungu. Kofunan shayin mijinta da suka yi ja, da kular ruwa, da kwano mai maiƙo, duk shi ne maganinsu. Wake ya yi taurin kai, ta ɗibo da bakin cokali ta jefa. Kuɓewa ta ƙi yauƙi, shi. Fanke ya ƙi tashi, shi. Rannan da idona na ga ta zazzaga shi cikin takalman mai gidan saboda warin zufa, da la'asar kuma na ga ta dama shi a rabin kofi ta miƙa masa wai ƙwannafi ya taso masa. Nan haƙurina ya ƙare.

"Ke ɗiyar nan," na ce mata, "abin da kinka zuba ma takalmi, shi za ki ba mutum shi sha, shi kuma za ki zuba muna ga miya?"

Ta yi dariya ta miƙo gwangwanin. "Hajiya, ku taɓa da harshe ku ji."

Na lasa, sai kunya ta kama ni, domin ɗanɗano ne da na sani tun ban iya ɗaura zane ba. Kanwa ce aka yi wa wanka aka sa mata farar riga. Ɗana, wanda boko ya sa ba a tambayarsa abu ya ce bai sani ba, ya ce lalle danginsu guda, wannan dai an tace shi an fitar da ƙasa da datti. Sai na tuna mu ma haka muke da tamu, mantawa na yi.

A gidanmu in an gama girbi, sai ka jiyo jakunan Zabarmawa masu kawo kanwa daga yamma tun ba su ƙaraso ba, da kukansu da kiran masu su, mata su fito da hatsi a ƙwarya a yi musaya. Inna takan ajiye farar kanwa a wata tsohuwar ƙwarya kan ragaya. Ja kuwa ta Baba ce, ta dokinsa, tana cikin burgame a rataye a zaure, ba mai taɓawa. Da farar ake kaɗa kuka, da ita ake lallashin wake, da ita ake ɗanwake, tsofaffi su haɗa da tabarsu, mu 'yan mata mu jiƙa mu wanke kai kafin kitso, mai ciwon ciki ya lasa, tunkiyar da ta rame a jiƙa mata. In ta yanke, sai a ƙona karan gero a tara tokar cikin tukunya mai huda, a zuba ruwa, a tara wata a ƙasa. Har yau in na rufe ido ina jin ɗigar ruwan tokar nan, ɗis, ɗis, tun hantsi har azahar, ga luguden mata ta bayan danga, ga kukan kurciya a kan gawo. Yanzu abin da nake ji a tsakar gida injin niƙa ne na maƙwabta da wayoyin yara, kowa da tasa waƙar. Inna ba ta san awon cokali ba. Takan ce mini, "Ke, kanwa da harshe aka auna ta, ba da ido ba." Ni kuwa na iya, har takan nuna ni ga baƙi ta ce hannun wagga ɗiya ya san kanwa. Ba a cika yabon yara a gidanmu ba, saboda haka na riƙe wannan yabo da hannu biyu, kaina ya yi girma da shi.

Shekarar da yayata ta dawo gida haihuwar fari, ni na isa ɗaukar tulu amma ban isa aure ba. Yaya ita ta goye ni, ita ke yi mini kitso tana ranƙwashina in na motsa, ita ke ɓoye mini ƙanzo in na yi laifi an hana ni tuwo. Ba ni da kowa kamarta. Ta haihu lafiya, namiji, aka shiga jego yadda ake yi. Kowace safiya da maraice a hura wuta a ƙarƙashin babbar tukunya, ruwa ya tafasa har yana tsalle, gwaggonmu ta tsoma ganye tana fyaɗa mata a jiki, tururi ya cika bayan ɗaki, Yaya tana cije leɓe don kada a ce ta yi raki. A ɗaki kuma ga garwashi a ƙarƙashin gadon ƙasa. Ni aka ba kunu. Ni ke surfa gero, in daka da yaji, in jiƙa kanwa in tace, in dama, in kai mata a ƙwarya in tsaya har ta shanye. Duk duniya an san kunun kanwa shi ke wanke cikin mai jego, shi ke kawo nono, shi ke korar sanyi, kuma sanyi shi ne abin tsoro. In mai jego ta kumbura, ba a tambayar komai, an san sanyi ne ya shige ta.

Bayan suna da kamar mako biyu ƙafafun Yaya suka fara cika. Munduwar da ke yawo a hannunta ta kama fata. Sai tari, sai numfashi ya riƙa yi mata wuya, in ta kwanta sai ta tashi ta jingina da bango. Tsofaffin gida suka taru suka duba, suka ce an yi sake, sanyi ya samu ƙofa. Aka ƙara itace, aka ƙara zafin ruwa, Inna ta ce in ƙara kanwa. Baba kuma ya bi tasa hanyar, ya ɗauki baƙar akuya ya nufi wajen masu bori na garin Lugu, ya dawo da labarin cewa doguwa ce, wai Yaya ta ratsa ƙarƙashin wata tsamiya da tsakar rana tana da ciki. Aka yi abin da aka ce a yi. Limamin ƙauye shi ma ya aiko da rubutu. Ba wanda ya zauna, kowa ya kawo iyakar abin da ya sani.

Ni ma na kawo nawa, kuma shi ne abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba. Na zauna na yi tunani irin na yarinya, na ce in farar kanwa tana korar sanyi, ja ai ta fi ƙarfi, tunda ita ke tayar da doki. Sai in faki ido da hantsi, lokacin da maza suka tafi gona, in shiga zaure in zura hannu cikin burgamen Baba, in fasa da dutse in ɗauki kamar ƙwan zabo, in jiƙa ta tare da wadda Inna ta ba ni. Kullum haka. Kunun ya yi duhu, warinsa ya canza. Ranar farko Yaya ta kurɓa ta yamutsa fuska.

"Ke, mi kinka sa ma kunun ga? Ya yi ɗaci."

"Sha dai Yaya, magani na. In kin sha kina warkewa."

Ta dube ni, idanunta sun yi ciki saboda kumburin fuska, ta yi ɗan murmushi ta ce, "To likita." Ta kafa kai ta shanye. Ba don tana so take sha ba, don ni ke riƙe da ƙwaryar ne, ta san in ta bari zan yi kuka. Kwana goma sha wani abu muna haka. Saura kwana shida a fita arba'in ta rasu, da hantsi, a zaune, kanta a kafaɗar Inna. Aka ce sanyi, aka ce doguwa, aka ce kwana ya ƙare. Na yi kuka har muryata ta dushe, amma ko sau ɗaya zuciyata ba ta je kan kunu ba. In ma na yi nadama, nadamar ita ce ban fara ƙarawa da wuri ba.

Na yi aure, na haifi bakwai, na sha kunun kanwa a kowace haihuwa na tashi garau. Na dama wa 'ya'yana mata, na dama wa matan maƙwabta, har ta kai in an yi haihuwa a unguwarmu ni ake aikowa. Ban sake taɓa jar kanwa ba, ba don tsoro ba, don ba a sake samun wadda ta kumbura a hannuna ba. Haka na tsufa da sunan mai kyan hannu.

To bana jikata, 'yar ɗan nan nawa, ta zo gidan ubanta haihuwar fari. Ni da ita ba ma shiri sai da tsiya, ita ta ce na tsufa na ƙi mutuwa, ni in ce mijinta makaho ne da ya ɗauke ta. Tun cikin yana wata bakwai nake shiri, na sa aka kawo mini gero mai kyau daga ƙauye. Ta haihu a matarnite, asibitin haihuwa, mace. Ranar da za a sallame ta na bi surukata muka je, ina ta ɗoki. Ungozomar asibitin, yarinya ce da ba ta kai autata ba, da farar riga da tabarau, ta dube ni ta gane ni ce mai jegon gidan.

"Kaka, ku za ku kula da ita? To ban da kanwa, ko kaɗan. Tana da hawan jini, tansiyonta ta hau tun tana da ciki. Ruwan wanka ma kada shi yi zahi ƙwarai."

Na yi dariya, na ɗauka wasa take. Na ce mata jego ba kanwa ai ba jego ba ne, mu da ita aka raine mu.

Ba ta yi dariya ba. "Kanwa in ta yi yawa tana tara ruwa ga jiki, zuciya ta gaji. In kunka ga ƙahwahunta sun kumbura, ko tana tari, ko ba ta iya kwanciya sai zaune, ku kawo ta maza-maza, kada ku jira."

Na nemi benci na zauna. Yarinyar nan ba ta taɓa ganin Yaya ba, uwarta ma ba a haife ta ba a lokacin, amma ta lissafo ta daga ƙafa har numfashi kamar tana ɗakin. Sai na kama abin da ya fi kusa, na ce to farin garin nan na surukata fa, wanda har a farmasi ake sayarwa? Ta ce shi ma a bar shi ga wanke-wanke da ɗan abin da miya ke so, kada mai jegon nan ta sha shi. Na jira surukata ta fita neman mota, na matsa kusa na rage murya.

"Madam, in mace ta riga ta kumbura, sannan anka ƙara mata kanwa, mi ka faruwa?"

"Sai abin shi ƙaru. Wa anka yi ma haka?"

"Wata ta, da daɗewa."

Ta cire tabarau ta dube ni da kyau. "Kaka, ban gan ta ba, ba ni iya ce muku ga abin da yak kashe ta. Wasu ko ba su sha kanwa ba ciwon na kama su." Sai aka kira ta daga ciki, ta tafi.

Tun ranar kaina bai koma daidai ba. In kanwa ce, me ya sa ni da na sha sau bakwai nake nan ina cin goro? Me ya sa matan da na dama wa suka tashi? In kuma ba ita ba ce, ta yaya yarinyar ta san har zaman jingina da bango? Inna ba ta san abin da take yi ba ke nan, da gwaggo, da duk tsofaffin da suka raini gari guda? Na kasa yarda da wannan, na kuma kasa ƙaryata wancan. Na ɗan taɓa wa ɗana maganar, ban kai ga burgamen Baba ba, ya ce, "Hajiya, ajali na, kwananta ya ƙare, ku bar tada abin da ya wuce." Na yarda ajali ne, ni ma musulma ce. Amma shi ɗin da ya faɗi haka, shi ya bi ɗakin girki ya kwashe duk kanwar gidan ya kulle a kabad saboda 'yarsa. Na rasa wanne zan kama, bakinsa ko hannunsa.

Haka na shiga dama kunu da tsamiya, ina damawa ina jin kamar na yi sallah ba alwala. Jikata tana sha tana tsiya, wai kunun marasa lafiya. Ana nan sai nono ya yi mata ƙaranci, jaririya ta riƙa kuka tana kama hannu. Uwar mijinta ta zo barka daga ƙauyensu da gero da yaji da dunƙulen kanwa a ƙulle cikin tsumma, ta leƙa ƙwaryar kunu ta taɓe baki, ta ce a gidansu ba a taɓa jego haka ba, shi ya sa ɗiya ke kwana da yunwa. Ta faɗa a gabana, ni da ake aikowa daga unguwa uku. Na haɗiye, na ce ta gaida gida.

Washegari da safe ɗana ya tafi aiki, surukata ta tafi kasuwa, gida ya rage daga ni sai mai jego. Ina gaban murhu ina dama gasara, sai ga ta ta fito da jaririya a kafaɗa tana ta tsala kuka, ita ma idonta ya yi ja. Ta ajiye ƙullin tsumman nan kusa da ƙafata.

"Kaka, ki sa kaɗan. Ba wanda za shi sani."

"Madam ta hana."

"Madam ba ita ka jin kukan ga ba. Ke da bakinki kin ce kin sha sau bakwai. Ko duk ƙarya ta kika yi muna?"

Na kwance tsumman. Ja ce. Na ɗauke ta na juya a tafin hannuna, nauyinta da kaushinta duk na san su. Yatsuna da kansu suka nemo inda za ta fashe daidai. Ruwa yana tafasa, jaririya tana kuka, yarinyar da nake so tana tsaye tana roƙona da idanu, kuma duk abin da aka koya mini a duniya yana cewa in sa. Na san in na sa ƙila nono ya zo, a ce hannun tsohuwa bai mutu ba, maganar Madam ta zama surutun 'yan boko, Yaya ta koma wadda sanyi ya kashe. In kuma na ƙi, to na amsa da kaina tambayar da Madam ta ƙi amsa mini.

"Kaka, kuka kike?"

"Hayaƙi na."

"Murhun gas na, Kaka."

Na mayar da kanwar cikin tsumma na ƙulle, na ƙara ƙulli na biyu. Na ce mata in uwarta ta dawo za mu koma wurin Madam a kan maganar nono, yau ɗin nan, ko da kabu-kabu ne zan hau.

Ta dube ni da mamaki. "Ashe kin yarda da ita?"

"Ban sani ba, ɗiyata. Wallahi ban sani ba. Na taɓa riƙe ma wata ƙwarya ta sha don tana sona. Ba ni sake riƙe ma kowa."

Ba ta gane ba, ni kuma ban ƙara ba. Na tace tsamiya na zuba, na juya har ya yi kauri, na miƙa mata. Ta kurɓa ta ce ba daɗi, na ce ta sha haka nan.